WASWASI A CIKIN IBADA: KO SHAN MAGANI RASHIN BANGASKIYA NE?

Da wuya a sami majami'a a wannan Dayosis wadda babu wani ko wata a cikinta da ke shan wata irin wahala da ba a cika faɗinta ba. Mukan gan su, amma ba mu cika gane su ba, gama sau da yawa su ne masu riga kowa zuwa Misa, su ne kuma na ƙarshen fita. Ga matar da za ta furta zunubanta ranar Asabar, Fada ya ba ta gafara, amma kafin ta kai ƙofa sai zuciyarta ta ce mata ba ta faɗi abin daidai ba, ta koma ta shiga layi. Ga saurayin da ba ya iya gama Rosari, domin ko yaushe ya kai tsakiya sai ya ga kamar hankalinsa ya ɗan kauce, ya koma farko, har dare ya raba. Ga dattijon da ya shekara bai karɓi Jibi Mai Tsarki ba, ba domin ya aikata wani mugun abu ba, sai domin wata kalmar saɓo da ke faɗo masa a rai daidai lokacin da Fada ya ɗaga Jikin Kristi, kalmar da shi kansa yake ƙi da dukan zuciyarsa. Ba mu ɗauko waɗannan misalai daga furcin kowa ba, gama abin da aka faɗa a Sakramentin Tuba ba ya fita har abada. Kamannin ciwon ne kawai, kuma duk inda ya bayyana haka yake.

Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan hali, watau waswasi. Ikilisiya ta daɗe da saninsa, kalmar Latin da malamanta suke kiransa da ita kuwa ma'anarta ɗan ƙaramin dutse mai tsini, irin wanda ke shiga takalmi ya hana mutum tafiya. Likitoci na yau suna lissafta shi cikin ciwon da suke taƙaita sunansa da haruffan OCD, ciwon tunani mai naci da maimaita aiki bisa tilas. Tambayar da muke so mu duba a wannan darasi ita ce wadda masu wannan ciwo da iyalansu suke yawan kawo mana: in likita ya rubuta magani, Kirista na kirki yana iya sha, ko kuwa shan sa alama ce ta cewa ya kāsa dogara ga Allah?

Waliyyai ma sun sha wannan wahala

Kafin mu je ga magani, ya kamata mu kawar da kunya. A shekarar 1522 Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya yi kwana 3 yana rubuta zunuban rayuwarsa duka, ya furta su a Monserat ta ƙasar Sifen. Duk da haka, sa'ad da ya koma zama a garin Manresa, sai shakka ta kama shi cewa ya bar wani abu. Ya sake furtawa, shakkar ta dawo, ya sake, ta dawo. Abin ya kai shi har ga jarabar hallaka kansa, ya kuma yi mako guda bai ci bai sha ba, sai da mai jin furcinsa ya umarce shi ya ci abinci. Bai sami sauƙi ba sai da ya ƙudura cewa ba zai ƙara tono zunuban da ya riga ya furta ba. Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda ya rasu a 1787, wanda kuma Paparoma Piyus na 12 ya naɗa a 1950 ya zama majiɓincin masu jin furcin zunubi, ya yi fama da waswasi har cikin tsufansa. Waliyyiya Tereza ta Yaro Yesu tana 'yar shekara 12 abin ya same ta, a watan Mayu na 1885, ta kuwa sha shi wajen shekara ɗaya da rabi.

Waɗannan bayin Allah ba su rasa bangaskiya ba. A zamaninsu babu maganin da muke da shi yanzu, sai suka yi amfani da abin da ke hannunsu, musamman biyayya ga shugaban ruhaniya guda ɗaya. Ba daidai ba ne mu ce tun da su ba su sha ƙwaya ba mu ma kada mu sha, gama ai ba su sha maganin zazzaɓin cizon sauro irin namu ba, ba kuwa wanda ya ce saboda haka mu bar 'ya'yanmu su mutu da zazzaɓi.

Yadda ciwon yake aiki

Kowane ɗan Adam, mai ibada da marar ibada, tunanin banza yakan gifta masa a rai: na saɓo, na ƙazanta, na cutar da wanda yake ƙauna. Mai lafiya yakan ce, kai, wannan kuma daga ina, ya ci gaba da abin da yake yi. Ga mai ciwon waswasi kuwa, tunanin yakan maƙale. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da ta haɗa sashen gaba da waɗansu sassa na can ciki, aikinta shi ne ta faɗakar da mutum cewa akwai abin da ba daidai ba, sa'an nan ta yi shiru in an gyara. A wannan ciwo ba ta yin shirun. Kamar hon ɗin mota ne da ya maƙale, yana ta ƙara alhali babu kowa a kan hanya.

Domin ya sami sauƙin fargabar, sai mutum ya yi wani abu: ya maimaita addu'a, ya sake alamar gicciye, ya koma wurin Fada, ya tambayi matarsa ko abin da ya yi zunubi ne. Nan take yakan ji sanyi. Amma sanyin nan shi ne tarkon, gama ƙwaƙwalwa takan koyi cewa lalle akwai haɗari, kuma maimaitawar ce ta cece shi, sai gobe tunanin ya dawo da ƙarfi fiye da na yau. Wanda ya taɓa yin ƙazwa ya san wannan: susa tana da daɗi, ita ce kuma ke faɗaɗa gyambon.

Ciwon ba baƙo ba ne. A ƙasashe dabam dabam an iske yana kama kamar mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwarsu, yawanci yana farawa a ƙuruciya ko farkon girma, yakan bi jini a waɗansu gidaje, waɗansu mata kuma yakan taso musu bayan haihuwa. Yakan kama abin da mutum ya fi ɗauka da daraja. Mai jego takan yi ta tsoron kada ta cuci jaririnta, wani yakan yi ta wanke hannu har fata ta tsage. Maƙwabtanmu Musulmi sun san shi sarai a wajen alwala da salla, inda mutum zai yi ta maimaitawa yana shakkar ko ta yi. A wurinmu kuwa yakan zauna a kan furcin zunubi da Jibi Mai Tsarki. Ashe, tunanin saɓon da ke azabtar da dattijon nan ba shaida ba ce ta cewa yana ƙin Allah. Da ba ya ƙaunar Allah, da tunanin bai dame shi ba.

A nan koyarwar Ikilisiya a fili take. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a lamba 1857, ya nuna cewa kafin zunubi ya zama mai kisa sai abubuwa 3 sun haɗu: abin ya zama babba, mutum ya san haka sosai, ya kuma yarda da gangan. Tunanin da ya faɗo wa mutum ba da sonsa ba, yana kuwa ƙyamarsa, babu yarda a cikinsa, saboda haka ba zunubi ba ne ko kaɗan. Lamba 1735 kuma ta ƙara da cewa tsoro da matsalolin tunani suna iya rage alhakin abin da mutum ya aikata, har ma su kawar da shi. Zunubin da aka manta da shi da zuciya ɗaya a lokacin furci ya shiga cikin gafarar da aka bayar. Mai waswasi yakan san dukan waɗannan, wani ma ya fi katikis haddace su, amma sanin ba ya kashe ƙarar hon ɗin. Wannan shi ya nuna mana cewa matsalar ba ta rashin koyarwa ba ce kaɗai, akwai wurin da aikin Fada ya tsaya, na likita ya kama.

Abin da Ikilisiya ta ce game da likita

Littafin Sirak, sura 38, ya koya mana mu girmama likita domin Ubangiji ne ya kafa aikinsa, ya kuma ce Allah ne ya fitar da magunguna daga ƙasa, mai hankali ba ya raina su. A surar nan guda an umarci marar lafiya ya yi addu'a, an kuma umarce shi ya bar likita ya yi aikinsa, ba a ce ya zaɓi ɗaya ba. Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa daga Allah, ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa. Manzo Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa, Luka mai bishara kuma likita ne. Katikizim a lamba 2288 ya ce rai da lafiya kyautai ne da Allah ya danƙa mana, wajibi ne mu kula da su.

Mun sani abin da ke hana mutane ba wannan ba ne. Ba mai jin kunyar shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari. Kunyar tana zuwa ne sa'ad da aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa, gama mutane za su ce wane ya haukace, 'yarsa ma ta rasa mijin aure. Bari mu tuna cewa mahaifin Waliyyiya Tereza, Luwis Martin, ya yi shekara 3 a asibitin masu taɓin hankali a Faransa, daga 1889 zuwa 1892, Paparoma Faransis kuwa ya sa shi cikin waliyyai tare da matarsa a 2015. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya jaddada cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa yana ɗauke da siffar Allah a kowane lokaci, kamar kowane mutum. Ban da haka ma, mai waswasi ba mahaukaci ba ne. Hankalinsa ƙalau yake, ya san tsoron nasa ya wuce kima, wannan sanin ma yana cikin azabarsa.

Akwai kuma masu gaggawar cewa aljani ne ko sammu. Muna gargaɗi da babbar murya a kan wannan. Dokar Ikilisiya, lamba 1172, ta hana kowa yin addu'ar fitar da aljanu a kan mutum sai Fada da ya sami izinin Bishop, littafin wannan hidima da aka sabunta a 1999 kuma ya bukaci a fara tabbatarwa cewa ba ciwo ba ne. Kai mai waswasi gidan addu'a inda za a yi ta yi masa ihu ana cewa akwai mugun ruhu a cikinsa, daidai yake da tabbatar masa da abin da ya fi tsoro a duniya.

Magungunan da kansu

Maganin farko da aka iske yana taimakon wannan ciwo shi ne kulomifiramin, wanda aka fi sani da sunan Anafranil. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 likitoci suka lura da amfaninsa, a 1989 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan ciwo. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayansa aka sami waɗansu da jiki ya fi jurewa, kamar fulokzetin da ake sayarwa da sunan Prozac, da satiralin mai sunan Zoloft, da 'yan'uwansu, yawanci kuwa da su likita yake farawa yanzu. Dukansu suna aiki a kan wani sinadari mai suna sirotonin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da shi. Maganin yana sa sinadarin ya daɗe yana aiki a tsakanin jijiyoyin, a hankali kuma hanyar nan mai ƙara takan lafa. Su ne kuma ake bayarwa domin fargaba mai tsanani da ciwon baƙin ciki, waɗanda sau da yawa suke tafiya tare da waswasi.

Inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen haƙuri. Mun saba da maganin da za a sha yau a ji sauƙi gobe. Wannan ba haka yake ba. Sai an yi mako 8 zuwa 12 ana sha kullum kafin a iya cewa ya yi aiki ko bai yi ba, sau da yawa kuma waswasi yana bukatar awo mai yawa fiye da wanda ake ba mai baƙin ciki, sai likita ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. A makonnin farko illolin ne suke riga amfanin zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci ko yawansa, wani ma fargabarsa takan ɗan ƙaru. Yawancin waɗannan sukan wuce. Mutum nawa ne suka yar da maganin a mako na biyu suna cewa bai karɓe su ba, alhali ko rabin hanya ba su kai ba? Sannu ba ta hana zuwa.

Ba za mu yi muku alkawarin da likitoci ba su yi ba. Kamar mutum 4 zuwa 6 cikin 10 ne suke samun sauƙi na sosai da maganin farko, sauƙin kuma raguwa ce, ba lalle tunanin ya ɓace ɗungum ba. Yakan zo, amma ba ya kama mutum a wuya kamar dā. In na farko bai yi ba, akwai na biyu da na uku. In an sami sauƙi, akan ci gaba da sha shekara 1 zuwa 2 ko fiye, sa'ad da lokacin bari ya yi kuma a hankali ake ragewa bisa umarnin likita, gama tsayawa farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da jin kamar lantarki a kai, ciwon ma yana iya dawowa. Wannan ba jaraba ba ce irin ta miyagun ƙwayoyi, maganin ba ya bugarwa, ba ya sa kwaɗayin ƙari.

Akwai abin da kunya take hana faɗa, amma dole mu faɗa: magungunan nan sukan rage sha'awa tsakanin miji da mata ga waɗansu. A gaya wa likita, akwai gyara, kada a bar abin ya zama zargi a cikin gida. Anafranil yakan busar da baki, ya ƙulle ciki, ya sa gyangyaɗi, yawansa kuma haɗari ne ga zuciya, saboda haka a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita, amma kada ta tsayar da magani da kanta. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna bukatar a sa musu ido a makonnin farko, domin kaɗan daga cikinsu tunanin kashe kai yakan taso musu, in an ga alamar haka a koma asibiti a ranar. Kada a haɗa su da giya ko burukutu. Haɗa su da taramol, wanda ya cika garuruwanmu, yana iya kawo farfaɗiya ko zazzaɓi mai kisa. Valium da ire-irensa kuwa, waɗanda ake saye a kemis domin barci, suna kwantar da fargaba na 'yan sa'o'i, amma ba su warkar da waswasi, suna kuma kama mutum.

Tambayar da ta fi taɓa mu ita ce ta wanda ya ce, in na sha, ba zai kashe mini lamiri ba, har in daina jin tsoron zunubi? Muna amsawa cewa abin da ke yi maka ihu dare da rana ba lamirinka ba ne. Lamiri yakan nuna laifi takamaimai, in an tuba an gyara ya yi shiru. Waswasi ba ya ƙoshi, ko an furta sau goma. Sa'ad da ƙararsa ta ragu, mutum yakan fara jin muryar lamirinsa ta ainihi, ya iya yin addu'a guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe yana tunanin Allah maimakon tunanin kuskurensa. In wani ya ji maganin ya dushe masa zuciya har ba ya jin daɗi ko baƙin ciki, wannan illa ce da aka sani, likita yana iya rage awo ko ya sāke magani.

Magani ba shi kaɗai ba ne. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya nuna wata hanyar horo wadda har yau ita ce kan gaba: a bar mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da fargaba, kaɗan kaɗan, ba tare da ya yi maimaitawar da ya saba ba, har fargabar ta sauka da kanta. Abin mamaki, kusan wannan ne Waliyyi Alfonsus ya koyar tun kafin nan: mai jin furci guda ɗaya, kada a tono abin da ya wuce, kada a furta abin da ake shakka a kai, a je a karɓi Jibi ko da zuciya tana rawa. Ga mutane da yawa, maganin ne yake rage wutar har su iya yin wannan biyayya. Saboda haka yana da kyau marar lafiya ya yarda likitansa da Fadansa su san shirin juna, ba tare da an taɓa asirin furci ba.

Iyali ma suna da nasu aikin, mai wuya ne kuwa. In ya tambaye ku sau na biyar ko ya yi zunubi, amsawa kuma susa ce. Ku ce masa da taushi, mun riga mun amsa, wannan ciwon ne ke tambaya, sa'an nan ku zauna tare da shi har abin ya lafa. Ku raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitocin koyarwa na Jos da Shika. Wanda yake nesa ya fara da asibitin da ke kusa da shi ya nemi a tura shi. A gaya wa likita tunanin yadda yake, kome muninsa, gama ya sha jin irinsa. A sayi magani a kantin da ke da rajista, mai lambar NAFDAC, ba a hannun masu talla a tasha ba, a kuma tambayi mai sunan asali, ya fi mai sunan kamfani araha, aikinsu ɗaya.

Saura abu guda da muka tabbata wani mai waswasi zai tambaya da zarar ya gama karanta wannan: in na haɗiye ƙwayata da safe, na karya azumin karɓar Jibi? Dokar Ikilisiya, lamba 919, ta ce a dakata da ci da sha na sa'a guda kafin karɓa, ta kuma ware ruwa da magani a fili. Ko a ƙofar majami'a ka sha maganinka, ka shiga layi tare da 'yan'uwanka ka karɓa.